Tambayoyi da amsoshi kan waƙoƙin Beatles da suka kwana a sito

Tun da na fara damun mutane da zancen tsofaffin rikodin ɗin ƙungiyar mawaƙan nan ta Beatles ake ta jefo min tambayoyi iri ɗaya, wasu don son sani, wasu kuma zolaya ce kawai, wai me ya haɗa ni da Turawan Liverpool da suka watse tun 1970. To na gaji da amsawa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na tattara su wuri guda. Abu ɗaya zan faɗa tun farko don kada wani ya ce na cika baki: yawancin waƙoƙin da suka ajiye, sun kyauta da suka ajiye su. Abin da ke sa ni komawa kan kaset ɗin nan shi ne jin mutum huɗu, John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr, suna aiki, suna kuskure, suna dariya, suna gundurar juna. Maganar George Harrison ce kaɗai ta fita daban, za mu zo kanta.

Wai in waƙa ba ta fita ba, ya aka yi kai ka ji ta?

Kala uku ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai waƙar da aka ɗauka a situdiyo aka gama ko aka kusa gamawa amma ba a sa ta a faifai ba. Akwai demo, wato gwajin da mutum ya yi a gida da jita ko fiyano don ya nuna wa sauran. Sai kuma ɗaukar da aka bari, misali an ɗauki waƙa sau 20, aka fitar da ta 20, to sauran 19 ɗin suna nan a tef. Da yawansu daga baya sun fito ta hanyar halal, musamman a faifan tara tsofaffin rikodi masu suna Anthology 1, 2 da 3 da aka saki a 1995 da 1996, sai manyan akwatunan faifai da aka riƙa fitarwa daga 2017. Amma har yanzu masoya suna kiransu waɗanda ba su fita ba, don ba su fita a lokacin da ƙungiyar ke raye ba. Wasu kuma har gobe suna kulle, babu wanda ya ji sai tsiraru.

Me ya sa ragowarsu ta yi yawa haka?

Da farko ai babu ma lokacin tara ragowa. Ranar 11 ga Fabrairu 1963 suka shiga situdiyon kamfanin faifai na EMI da ke Abbey Road a Landan suka ɗauki waƙa 10 na faifansu na farko a yini ɗaya, John Lennon yana fama da mura, aka bar Twist and Shout sai ƙarshe don an san za ta cinye masa murya, ɗauka ta farko ita ce duniya ta sani, da aka gwada ta biyu murya ta riga ta tafi. A lokacin na'urar layi biyu ce kawai, sai a ƙarshen 1963 suka koma mai layi 4, mai layi 8 kuwa sai 1968.

Abin ya canja ne bayan sun daina yawon wasa a watan Agusta 1966. Daga nan situdiyo ta zama gidansu, su kwana ciki, tef na juyawa, ba mai ce musu lokaci ya ƙare tunda su ne ke kawo wa kamfanin kuɗi. Abin takaici a shekarun farko kamfanin bai ɗauki tef ɗin aiki a bakin komai ba, na Love Me Do da na She Loves You duk babu su yau. Haka nan Please Please Me ta asali, wadda aka ce a hankali take tafiya kafin furodusansu George Martin ya ce su ƙara mata gudu, ba ta taɓa ɓullowa ba.

Wacce ce mafi tsufa?

In Spite of All the Danger, 1958, tun suna yara sunansu ma Quarrymen. A wani ɗan situdiyon gida a Liverpool suka ɗauka, suka haɗa sule 17 da sisi suka biya, aka ba su faifai ƙwaya ɗaya tal. Suka yi yarjejeniya kowa zai riƙe mako guda, da ya isa hannun mai fiyanonsu John Lowe sai ya zauna shekara 23, har sai da Paul McCartney ya saye shi a 1981. Sautin duk ƙarar allura ne amma kana jin yaran da gaske suke.

Bayanta sai gwajin da suka je kamfanin Decca ranar 1 ga Janairu 1962, waƙa 15, lokacin Pete Best ne mai ganga, Ringo bai zo ba. Decca suka ce a kai kasuwa, suka ɗauki Brian Poole da Tremeloes. Kowa na zagin Decca kan wannan, ni kuma da na saurari tef ɗin gaskiya ban ga laifinsu sosai ba, tsoro ya cika muryoyin, gangar kuma ba ta da nauyi. Akwai nasu na kansu guda 3 a ciki, Like Dreamers Do da Hello Little Girl da Love of the Loved, su ne abin saurare.

Sai How Do You Do It a watan Satumba 1962. Ba su suka rubuta ba, George Martin ne ya kawo ya ce ita za ta zama ta farko, suka ɗauka ba da son ransu ba, kana ji ka san aikin dole ne. Aka ba Gerry and the Pacemakers suka kai ta lamba ɗaya a Ingila a 1963. Kenan Martin bai yi kuskure kan waƙar ba, su ma ba su yi kuskure da suka ƙi ta ba.

To kai wacce ka fi so?

While My Guitar Gently Weeps, ɗauka ta 1, ranar 25 ga Yuli 1968. Wadda kowa ya sani ita ce mai nauyin nan da Eric Clapton ya zo ya kaɗa jita a kai a watan Satumba, kuma ba na raina ta wallahi. Amma wannan ta farkon George ne shi kaɗai da jitar katako, sai can wajen ƙarshe wani ɗan sautin ogan ya shigo a hankali, muryarsa ba ta da ƙarfi, kamar mai magana da kansa bayan kowa ya kwanta. Akwai baiti guda a ciki da aka cire daga baya, inda yake kwatanta kansa da mai tsayuwa a gefen dandali yana kallon wasu suna wasa shi kuma shekaru na tafiya. In ka san matsayinsa a ƙungiyar a lokacin, baitin nan sai ya tsaya maka a wuya. Ta fito a Anthology 3 a 1996, sannan a 2006 George Martin ya ɗora mata kayan goge don faifan Love. Mai gogen ma tana da kyau, amma ni a bar min tsurarta.

Kullum sai ka ce an danne George, ina hujja?

Hujja tana cikin tef. Shi ne ƙaraminsu, John da Paul tun yana ɗan makaranta suka san shi, kuma irin wannan kallon na ƙane ba ya gogewa ko da ƙanen ya yi gemu. Yawanci waƙa 2 ake ba shi a faifai, a farin faifan nan na 1968 mai waƙa 30 ya samu 4.

Ɗauki Not Guilty. A watan Agusta 1968 suka kwashe kwanaki suna fama da ita har ɗauka 102, aka gama, aka tace, sai a ƙarshe aka cire ta daga jerin. Waƙar habaici ce, kowa ya san da su wa yake, lokacin ana ganin shi ya ja su zuwa Indiya wajen Maharishi, wani malamin natsuwar zuciya, abin kuma ya ƙare ba daɗi. Faifan da ya samu wurin Wild Honey Pie da Revolution 9 mai minti 8 wai shi ne ba shi da wurin Not Guilty, haba. Sai a 1979 ya fitar da wadda ya sake ɗauka shi kaɗai cikin sanyi, amma ta Beatles ɗin ta fi cizo.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce All Things Must Pass. A watan Janairu 1969 ya kawo ta, suka gwada ta sau da yawa, in ka ji inda John da Paul suka ɗora amshi tsigar jikinka sai ta tashi, amma ba wanda ya ɗauke ta da zafi, aka wuce. Ranar 25 ga Fabrairu 1969, ranar da ya cika shekara 26, ya shiga Abbey Road shi kaɗai ya ɗauki demo ɗinta tare da Something da Old Brown Shoe. Isn't It a Pity ma ya kawo, ba ta shiga ba. Da ƙungiyar ta watse sai ya zazzage jakarsa a watan Nuwamba 1970, faifai 3 a kwali ɗaya, ya hau lamba ɗaya a Ingila da Amurka. Ɗan hakin da ka raina kenan. Ga kuma Sour Milk Sea da ya ba Jackie Lomax, da Circles da ta jira har 1982.

Akwai wadda gwara da ba ta fita ba?

Sosai ma. If You've Got Trouble ta Fabrairu 1965, John da Paul suka rubuta wa Ringo, kana jin kasala daga farko har ƙarshe, shi kansa Ringo a tsakiya ya yi wata kururuwa kamar mai roƙon a cece shi. That Means a Lot sun gwada ta sau biyu ta ƙi zama suka ba P.J. Proby. 12-Bar Original ta Nuwamba 1965 kiɗa ne zalla ba waƙa, suna ƙoƙarin yin irin na baƙaƙen Amurka, bai fito ba. What's the New Mary Jane ta Agusta 1968 kuwa John ne da George da Yoko Ono, wadda John ya aura daga baya, da hadiminsu Mal Evans suna ta buge-buge, minti biyun farko da ɗan ban dariya, sauran haƙuri ne.

Wadda na kasa gane dalilin ajiye ta ita ce Leave My Kitten Alone, 14 ga Agusta 1964. Waƙar Little Willie John ce suka maimaita, John ya rera ta kamar zai tsaga makirfo, amma aka bar ta aka sa Mr. Moonlight a Beatles for Sale. Duk wanda ya yanke wannan hukuncin yana da bayanin da zai yi.

Mece ce Carnival of Light da ake ta surutu a kai?

Ita ce babbar wadda har yau take kulle. Ranar 5 ga Janairu 1967, bayan sun gama wani aiki kan Penny Lane, Paul ya ce su ba shi 'yan mintuna, kowa ya zagaya situdiyo ya bugi abin da ya ga dama. Wani biki ne na fitilu da sauti a Roundhouse da ke Landan aka roƙe shi ya ba da wani abu, aka kunna ta a can a ƙarshen Janairu da farkon Fabrairu, shi ke nan. Tsawonta minti 13 da daƙiƙa 48. Mark Lewisohn, wanda aka ba izinin sauraren tef ɗin Abbey Road a shekarun 1980, ya kwatanta ta da gurɓataccen sautin ganga da ogan da ihu har da kurkurar ruwa a maƙogwaro, babu baiti babu amshi. Paul ya so sa ta a Anthology 2 aka hana, kuma George ake ambata a cikin waɗanda suka ƙi. A 2008 Paul ya faɗa a rediyon BBC cewa tef ɗin yana hannunsa kuma yana son ta fita, amma sai Ringo da iyalan John da na George sun yarda.

Ra'ayina, ranar da ta fita ranar darajarta za ta faɗi. Ɓoyon ne ke riƙe da ita. Amma ƙarya nake in na ce ba zan saurara ba a daren da aka sake ta.

Da gaske akwai Helter Skelter mai minti 27?

Akwai, minti 27 da daƙiƙa 11, ɗauka ta 3 a daren 18 ga Yuli 1968. Ba a sake ta ba. Amma 'yar'uwarta ta daren, ɗauka ta 2 mai minti 12 da wani abu, ta fito cikakkiya a 2018, kuma ba mai haukan nan ba ce da aka sani, wannan a hankali take jan ƙafa, kiɗa ɗaya ana ta nanatawa. Ka saurari mai 12 ɗin tukuna, in ka kai ƙarshe ba ka taɓa wayarka ba sai ka zo mu nemi mai 27 tare.

Kaset ɗin Esher fa?

Wannan kam ko ba ka damu da tarihi ba za ka ji daɗinsa. Da suka dawo daga Rishikesh a Indiya kowa jakarsa cike da sababbin waƙoƙi, a ƙarshen Mayu 1968 suka taru a gidan George da ke Esher a Surrey, suka ɗauki 27 a na'urarsa mai layi 4. Jitar katako, tafi, kacau-kacau, barkwanci, John yana ta canja murya. Abin da ke taɓa ni shi ne kwanaki kaɗan bayan nan aka shiga situdiyo rigima ta fara, injiniyansu Geoff Emerick ya ajiye aiki a Yuli, Ringo ya yi yaji a Agusta, amma a kaset ɗin nan abokai ne kawai a falo. A ciki akwai Child of Nature ta John, wadda ya canja wa baitoci ta zama Jealous Guy a 1971, da Junk ta Paul da ta fita a faifansa na 1970. Shekara da shekaru muna jin kwafin kwafin kwafi mai shuu, sai a Nuwamba 2018 aka fitar da shi tas.

Akwai ɗaukar da ta fi wadda aka fitar kyau?

Nan ne ake faɗa. Ni dai ina da 'yan kaɗan. Strawberry Fields Forever ɗauka ta 1, 24 ga Nuwamba 1966, mai laushi ce ƙwarai, kafin a loda mata kaya. Labarin wadda aka fitar ma abin ji ne: an yi ɗauka ta 7 mai sanyi, an yi ta 26 mai gudu da kakaki da manyan goge, John ya ce yana son farkon waccan da ƙarshen wannan, Martin ya ce ai ba a murya ɗaya suke ba kuma gudunsu ya bambanta, John ya ce ya san zai iya, ya tafi abinsa. Sai suka ƙara wa ɗaya gudu suka rage wa ɗaya har suka haɗu, aka yanka tef da almakashi aka liƙa. Ɗinkin yana daidai wajen minti 1, in ka taɓa jinsa sau ɗaya ba za ka daina ji ba, don haka kada ka ce ban gargaɗe ka ba.

I'm Looking Through You ta farko, Oktoba 1965, mai tafi da hannu, ina ganin ta fi wadda ke Rubber Soul daɗin kiɗa duk da ba ta da gadar tsakiya. And Your Bird Can Sing ta Anthology 2 ba ta fi kyau ba amma John da Paul dariya ta kama su daga farko har ƙarshe sun kasa rera layi ɗaya, in ranka ya ɓaci ka kunna. Wadda ta girgiza mutane a 2022 kuwa ita ce demo ɗin Yellow Submarine, waƙar yaran nan ta Ringo, ashe John ne ya faro ta da muryar baƙin ciki yana maganar garin da aka haife shi ba wanda ya damu da shi. Sai Come and Get It, 24 ga Yuli 1969, Paul shi kaɗai ya kaɗa komai cikin ƙasa da awa guda ya miƙa wa Badfinger ya ce su kwaikwaya yadda take.

Ya aka yi tef ɗin suka sulale waje?

Ta ƙofofi da yawa. Na farko da ya yi suna shi ne Kum Back a farkon 1970, daga wani faifan gwaji da injiniya Glyn Johns ya haɗa na aikin Janairu 1969, har gidajen rediyon Amurka sun kunna shi kafin faifansu Let It Be ya fito. A farkon shekarun 1980 wani injiniyan Abbey Road, John Barrett, yana jinyar ciwon daji aka ba shi aikin sauraren tef ɗin duka yana rubuta abin da ke ciki, ya rasu a 1984, kuma ana kyautata zaton daga kwafin wancan lokacin ne abubuwa suka fita. EMI ma da kansu sun haɗa faifai mai suna Sessions za su saki a 1985, sauran 'yan ƙungiyar suka taka birki, kwafinsa ya bi gari. Sai 1988 Ultra Rare Trax ya fito a CD da sauti garau kamar daga kamfani, daga nan kasuwar bayan fage ta buɗe. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, masu waƙa ba su ga ko sisi ba, amma gaskiya matsin 'yan kwafin nan yana cikin abin da ya sa aka yi Anthology.

Akwai ma na dariya. A Disamba 2013 kwatsam aka saki rikodin 59 na shekarar 1963 a iTunes ba talla ba komai. Dalili, dokar Turai ta ce rikodin da ba a fitar ba cikin shekara 50 ya zama na kowa, wanda aka fitar kuma yana da kariya har 70. Lauyoyi ne suka ba mu wannan, ba soyayya ba.

Tef ɗin Get Back sun cancanci lokacina?

Ya danganta da yawan lokacin naka. Aikin da ya haifi faifan Let It Be ne. Daga 2 ga Janairu 1969 a situdiyon fim na Twickenham, sannan ƙasan ofishin kamfaninsu na Apple a Savile Row, masu fim suna ɗaukar komai, aka tara kusan awa 60 na hoto da sama da awa 150 na sauti. Tef ɗin sautin ma sace su aka yi, sai a Janairu 2003 'yan sanda suka ƙwato kusan 500 a Holan. Yawanci gyaran waya ne da hamma da odar shayi da tsofaffin waƙoƙin da ba a kai ƙarshensu. George ya yi fushi ya fita ranar 10, Billy Preston ya zo da fiyanonsa ranar 22 kowa ya shiga taitayinsa, ranar 30 aka hau rufin bene aka yi wasa. Akwai ƴan gutsattsari irin Watching Rainbows da Suzy Parker da masoya ke so. Shawarata ka kalli fim ɗin Get Back da darakta Peter Jackson ya haɗa a 2021, kusan awa 8, ya tace maka. Wurin da Paul ke zaune yana ta dukan jitarsa babu komai har Get Back ta fito daga bakinsa, George na hamma a gabansa, ya isa dalilin kallo.

Na ga wata a intanet an ce ɓatacciyar waƙarsu ce, ya zan gane jabu?

In sautin ya yi dishi-dishi kuma ba wanda zai iya faɗa maka ranar da aka ɗauka, ka yi shakka, don kusan kowace rana da suka shiga Abbey Road a rubuce take. Have You Heard the Word ta yaudari mutane shekaru, ashe Maurice Gibb na Bee Gees ne da abokansa suna kwaikwayon John. Colliding Circles da Pink Litmus Paper Shirt ma sunaye ne kawai da wani marubuci, Martin Lewis, ya ƙirƙira a 1971 don wasa, aka yi ta kwafa a littattafai. Duk wata Carnival of Light da ka gani a YouTube ƙarya ce. Yanzu kuma ga na kwamfuta masu kwaikwayon murya sun cika ko'ina.

Now and Then ba ita ma kwamfuta ce ta yi ba?

A'a. Muryar John ce ta gaske, daga kaset ɗin da ya ɗauka a gidansa na New York a ƙarshen shekarun 1970, kafin a kashe shi a Disamba 1980. Yoko ta ba Paul kaset ɗin a 1994, suka gama Free as a Bird da Real Love tare da Jeff Lynne, ta ukun ta gagara saboda fiyano ya danne muryar ga kuma ƙugin lantarki, George ya ce ba ya yi. Manhajar da mutanen Peter Jackson suka ƙera ita ta raba muryar da fiyanon, ba ta ƙara ko harafi ba. Aka ɗora jitar da George ya kaɗa a 1995 tunda ya rasu a 2001, Paul da Ringo suka ƙarasa, ta fita 2 ga Nuwamba 2023 ta hau lamba ɗaya a Ingila, rabonsu da hakan tun 1969. Ina sonta, amma an cire wani sashe na demo ɗin da ni a wurina shi ne zuciyar waƙar.

Akwai abin da ya haɗa duk wannan da Najeriya?

Akwai guda biyu, kuma duka na gaske. Kalmar Ob-La-Di, Ob-La-Da daga bakin wani ɗan Najeriya mai kaɗa konga a kulob-kulob ɗin Landan Paul ya ɗauko ta, Jimmy Scott. Shi da kansa ya zo situdiyo a farkon Yuli 1968 ya kaɗa a kan zubin farko, sai Paul ya ce bai gamsu ba a sake daga tushe, abin da ya ƙular da sauran, har John ya shigo a fusace ya daki fiyano da ƙarfi, wannan dukan shi ne buɗewar wadda aka fitar. Zubin da ke da gangar Scott ya kwanta shekara 28 sai a Anthology 3, kuma ni na fi son sa, ya fi sakewa, ya fi kama da abin rawa. Scott ya nemi kasonsa kan kalmar, daga baya Paul ya ba shi kuɗi aka rufe maganar.

Na biyun bayan watsewar Beatles ne. A 1973 Paul ya zo Legas don ɗaukar Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa, mutum biyu na ƙungiyarsa ta Wings suka fasa tafiyar ana gab da tashi, ya rage shi da matarsa Linda da Denny Laine. Fela ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kira shi ya kunna masa abin da suke ɗauka ya ji babu. Wani dare kuma shi da Linda suna tafiya a ƙafa, duk da an hana su, 'yan fashi suka tare su da wuƙa suka karɓe jakar da ke da littafin baitocinsa da kaset ɗin demo na waƙoƙin. Dole ya zauna ya tuno su da ka. Kaset ɗin nan ba su sake ɓullowa ba, kuma da wuya waɗanda suka ƙwace su san abin da ke hannunsu, ni zatona wani ya danna jan maɓalli ya ɗora wata waƙar biki a kai tun a makon.